Jinjirin Watan da Ya Fito Muna Sujada

Kai mai jar riga, miƙo wayar nan in gani. To, na gani. Wata ne, ba musu, har da 'yan tabonsa. Ka ɗaga hannu ka danna, waya ta yi maka sauran aikin, shi ne ka kwaso abokanka kuka zo har shagona ku gaya min sana'ata ta mutu. Madalla, na gode da ta'aziyya. Ku zauna kan bencin nan, ku janye ƙafafunku daga wayar wuta, in gaya muku abin da kuke wa kallon wasa. Sunana Isufu, amma duk Zongon Wagadugu in ba ka ce Isufu Foto ba, ba mai nuna maka ƙofata. Tun iyayenku ba su yi aure ba nake ɗaukar hoton sama.

Wata in ya cika, kowa ma ya iya kama shi. Abin da nake bi ni shi ne mai ƙarancin haske: Kaza da 'ya'yanta, ƙananan taurarin da ido ba ya rarrabewa, jinjirin wata na yammacin farko. Irin waɗannan kyamara ba ta kama su da ƙiftawa ɗaya. Sai ka buɗe mata ido ka bar shi a buɗe, haske yana taruwa a ciki kaɗan-kaɗan, wani lokaci tsawon karatun Fatiha, wani lokaci har a ɗora shinkafa a sauke. 'Yan lakkol, wato 'yan boko, suna ce masa poz. To duk tsawon poz ɗin nan, kyamara ta motsa ko da kaurin gashi ne, aiki ya lalace. Kuma wa ke motsa ta? Mai ita. Hannun ɗan Adam rawa yake yi ko bai sani ba. Saboda haka rabin sana'ar nan koyon yadda za ka juya abu ne daga nesa, kana tsaye gefe, ba ka da ikon kai masa hannu.

Wurin Baba Gambo na koya, Allah ya jiƙansa. Shagonsa yana bayan babbar kasuwa, abincinsa hoton katin ɗan ƙasa da na aure da suna, amma zuciyarsa tana sama, har wasu ke cewa yana da mutanen ɓoye. Shekarata ta farko a hannunsa ban taɓa kyamara ba, ko gogewa ba a ba ni. Nawa shi ne ɗaukar ƙafa-uku, wato abin da ake kafa kyamara a kai, da buhun yashin da ake rataya mata a tsakiya don kada iska ta kaɗa ta, sai korar awaki. E, ku yi dariya. Ranar da akuya ta zo sosa ƙeya a jikin aikinku, za ku san matsayin mai korar awaki.

Aikin farko da ya fita da ni, hasumiyar wani masallaci ce, wani mai buga kalanda yake so da taurari a bayanta. Lokacin fim ake sawa. Baba yana da wata siririyar igiyar ƙarfe, tsawon kamu guda, da ake murɗawa a kan maɓallin. Ka danna ta daga ƙarshe, ka kulle, idon ya tsaya a buɗe. Amma ko da igiyar bai yarda ba. Sai ya cire hularsa ya tare gaban gilashin kyamarar da ita ba tare da ta taɓa ba, ya danna, ya jira girgizar ta mutu, sannan ya janye hular a hankali. Agogo kuwa ba shi da shi. Da carbi yake auna lokaci, kowane irin sama da adadin carbinsa. In ka yi masa sallama yana tsakiyar ja ba zai amsa ba, shi ya sa rabin unguwa suka ɗauke shi mai girman kai. Ranar komai ya tafi daidai, sai kusa da ƙarshe wani kamyo, babbar motar kaya, maƙare da siminti ya bi ta titin, ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Na dubi Baba, bai dube ni ba. Ba yadda za mu sani sai an wanke fim, wankin kuwa sai bayan kwanaki, kuma a kwanakin nan ko tuwo bai yi min daɗi ba. Da hoton ya fito, taurarin duk sun karkace sun yi wutsiya. Baba ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Isufu, ɗauko yashinka." Muka koma.

Daga igiyar Baba zuwa yau na ga kaya iri-iri. An yi telekoman, abin dannawa daga nesa, mai doguwar waya, an yi marar waya mai ɗan eriya, yanzu ga portabul ɗin nan, wayar hannu ta aljihuna, ita ke magana da kyamara: ina zaune nan in buɗe mata ido tana saman rufi, in rufe, in ga abin da ta kama. Ku kuna ganin sauƙi ne. Ni abin da na gani, kowane sabon kaya da irin cin amanarsa. Mai waya, mutum ya yi tuntuɓe da ita. Mai eriya, batir ya mutu ido yana buɗe, ka yi ta dannawa kamar mahaukaci. Portabul kuwa, kana tsakiyar aiki surukarka ta kira ka daga unguwar Sisin tana tambayar lafiyar yara, magana ta katse tsakaninka da kyamara, ba ka san ko tana aiki ko ta tsaya ba. Kuma ba ka isa ka hau ka duba ba, don takunka kaɗai ya isa ya ɓata abin.

Wani babban ɗan kasuwa a unguwar Waga 2000 ya taɓa kirana. Ya gama sabon gida, yana son hotonsa da taurari suna kewaye a samansa. Na ce masa, "Patron, fitilun unguwar nan sun cinye sama. Sai dai mu jira delestaj, a ɗauke wuta." Ya dube ni kamar na zage shi. Ai ni kaɗai ne a garin nan nake roƙon Allah a ɗauke wuta. Ranar da aka ɗauke na ɗaure kaya a bayan moto, babur ɗina, na sheƙa. Na roƙe shi kada a tada injin wutarsa, na kafa kyamara a farfajiya, na koma ɗakin mai gadi da telekoman a hannu, na buɗe ido. Sauro ya ci ni ya ƙoshi. Saura ƙiris in rufe, sai na ji yaran maƙwabta sun ɗauki ihu. Wuta ta dawo! Duk fitilar da aka manta a kunne a gidan nan ta kama lokaci guda, hoton ya fito fari fat. Tun daga ranar na daina dogon buɗi guda ɗaya. Nakan saita kyamara ta riƙa buɗewa tana rufewa da kanta, gajere-gajere, ɗaya bayan ɗaya, daga baya in haɗa su. In wuta ta dawo, na ƙarshen kaɗai na rasa.

A shekarun daɗi bayan gari nake fita. In hau moto in yi nisa har fitilun Wagadugu su koma ɗan ja-ja a ƙasan sama, in sami gona a gefen ƙauye, in gaida masu ita da yaren Mosi, su kawo min ruwa, wasu su zauna nesa suna kallon mutumin da ya kafa ƙarfe ya koma gefe ya naɗe hannu. Masu otel suna saye su rataya, masu kalanda suna saye, akwai wani malamin lakkol a unguwar Wemtenga da yakan karɓa ya nuna wa 'yan ajinsa. Sai hanyoyi suka ɓaci. Kun san abin da nake nufi, ba sai na buɗe ba. Mutum da dogon gilashi da ƙafa-uku a daji bayan faɗuwar rana, in ya yi sa'a tambayoyi kaɗai zai sha. Baƙi suka daina zuwa, otel suka daina sayen ko allura. Cikin gari ma ba ko'ina za ka ɗaga gilashi sama ba, ga filin jirgi a tsakiyarmu. Shekarar da abin ya fi tsanani, gilashin kyamarata biyu na sayar muka ci.

Mutum ɗaya ya riƙe ni, Alhaji Uba, Bakano, mai shadda. Ni ke ɗaukar masa hoton sabbin kaya in sun iso yana tura wa abokan ciniki, ni ke yi masa kalandar shago. Kuma yana da bene a bakin unguwa ta yamma, ba abin da ya tare shi har inda sama ta haɗu da ƙasa. Ya ba ni mabuɗin rufin ya ce in hau duk lokacin da na ga dama. Mutum ne mai sakin hannu, mai saurin dariya, mai saurin fushi, kuma bai taɓa yarda akwai abin da ake yi daidai a wajen Kano ba. Rufin nan shi ne gonata a shekarar, ba ni da wata.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar zafi, irin na gab da damina, wanda ko da asuba bango yana da ɗumi. Mutane sun galabaita. Al'adarmu a nan kun san ta: ranar ashirin da tara, dattawa su hau wuri mai tsayi su nemi jinjirin wata. In an sami wanda ya gani, ya zo gaban liman ya shaida, liman ya buga waya ga manyan malaman da ke zaune suna jiran labari daga ko'ina cikin ƙasa, su kuma su yanke ko gobe Sallah ko a cika talatin. Limaminmu a lokacin Malam Haruna ne, tsoho siriri mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ya raɗa sunan rabin yaran unguwar nan. Tun kafin azumi ya kama likita ya ce masa ya sha ya ciyar. Ya ce ya ji, kuma bai sha ko ɗaya ba.

Alhaji Uba ne ya ce a hau rufinsa, kuma in kawo kayan aikina. Na kafa kyamara tun la'asar sakaliya, na sa gilashi mafi tsawo da ya rage min, na auna inda rana za ta faɗi, na ɗaga kaɗan zuwa inda ya kamata watan ya tsaya, na rataya yashi. Amma yamma ta haɗa hadari, baƙi, mai kauri, sai wata 'yar tsaga can ƙasa da take buɗewa tana rufewa. Rana ta faɗi, ladan ya kira, muka buɗe baki a nan saman da dabino da zomkom, wato ruwan garin gero, da matan gidan suka aiko. Dattawa suka yi ta ƙura ido, wani ya nuna can, a ce masa tsuntsu ne. Ba a ga komai ba. Malam Haruna ya ce, "Magariba ba ta jira. Mu sauka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, yanzu ne fa lokacinsa. In zai fito, cikin ɗan tsakanin nan ne."

Ya ce, "To bar abinka ya yi gadi. Kai sauko ka yi salla."

Dama haka na fi so, don tsofaffi suna jan takalmi a kan rufi ba poz ɗin da zai tsira. Na bari kowa ya sauka, na bi bayansu, sai da na taka ƙasa sannan na danna a portabul, kyamara ta fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Saboda zafi a waje aka shimfiɗa tabarmi, gindin benen. Na shiga sahu na biyu, kafaɗata da ta Alhaji. Muna raka'a ta biyu iska ta taso. Ina jin ta tana kaɗa min riga, hankalina kuwa yana sama. Yashin zai riƙe? Ƙafa-ukun za ta kife? In ta kife daga can na gama sana'a, don ba ni da wata kyamarar. Ban taɓa jin tahiya mai tsawon ta ranar ba.

Ana sallamewa na zaro portabul. Hoto bayan hoto, hadari, hadari, hadari. Sai guda uku a jere inda tsagar nan ta buɗe. A cikinsu ga wani farin zare, siriri, lanƙwasasshe, kamar yankan farce. Kafin in ja numfashi, Alhaji da yake leƙe ta kafaɗata ya miƙe tsaye ya ɗaga murya: "Allahu akbar! Wata ya tsaya! Isufu ya kama shi!"

Kai, ranar na ga gudun tsofaffi. Aka ruga sama, wasu ba takalmi. Tsagar ta rufe ruf, duhu ya fara shiga, ba abin da ke yamma sai walƙiya can nesa. Amma magana ta riga ta fita. Kafin mu sauko mata sun fara guɗa a cikin gida, yara sun bazu cikin lunguna suna ihun gobe Sallah, wata maƙwabciya har ta aika a kamo mata kaji. Ni kuwa ina tsaye jikin bango ina buɗa hoton da yatsu biyu, zufa tana bin bayana.

Bari in gaya muku abin da na gani, don ku san ba wasa ba ne. Doron zaren yana kallon inda rana ta faɗi, yadda na wata yake yi. Daga hoto na farko zuwa na uku ya ɗan sauka ƙasa, yadda wata mai faɗuwa yake yi. Wurin ma wurinsa ne. Amma na sha ganin bakin gajimare ya kama hasken ranar da ta riga ta faɗi ya yi zare irin wannan. Na sha ganin hayaƙin da jirgi ya bari a sama ya lanƙwashe ya yi fari. Kuma iskar nan ta taɓa kyamara, don gefen zaren ya ɗan yi gashi-gashi. Da ciniki ne, da na saya a kan wata ne. Amma ba ciniki ba ne.

Malam Haruna bai sake hawa ba. Yana zaune kan buzunsa, waya a kunne. Da ya sauke ta sai ya yafito ni, jama'a suka yi mana zobe. Ya ce, "Isufu, zauna. Na yi magana da malamai. Mutum ɗaya a wani gari ya ce ya gani, amma ba a yanke hukunci da mutum ɗaya. Suna neman na biyu. Na ce su ba ni ɗan lokaci."

Ashe ba Zongo kaɗai ba ce, ƙasa ce gaba ɗaya take jiran bakina. In na ce e, kuma ba wata ba ne, na sa al'umma sun sha azumin farilla. In na ce a'a, kuma wata ne, na sa su azumi ranar Idi, ranar da aka hana. Na miƙa masa portabul da hannu biyu. Bai karɓa ba.

"Ajiye ta. Ba da ita nake magana ba, da kai nake. Ka ga wata?"

"Allah gafarta Malam, kyamara ta..."

Alhaji ya katse ni. "Haba Malam! Kyamarar ta wa? Wa ya kafa ta, wa ya saita ta, wa ya danna? Yanzu in mai tabarau ya zo ya ce ya gani, sai ka ce tabarau ne ya gani? Ga ƙanena ya kira ni daga Kano, can an gani, har an yi sanarwa. Mutane sun wahala, Malam. Dubi leɓunansu. Dubi naka."

Jama'a suka ɗauka, "Gaskiya ne, gaskiya ne." Ni ma a raina na ce gaskiya ne. Malam ya bari suka lafa.

"Alhaji, mai tabarau yana bayan tabaraunsa." Ya juyo gare ni. "Isufu, lokacin da abin nan ya fito, kana ina?"

Na dubi Alhaji. Mutumin nan shi ya ciyar da gidana shekara guda. Ya ɗan gyaɗa min kai, irin na kai dai faɗi, ba komai.

Na ce, "Ina bayanka, Malam. Sahu na biyu, goshina a ƙasa."

"Ka gan shi da idonka?"

"Ban gan shi ba."

Malam ya ɗauki waya ya kira, ya ce, "Ba mu da shaida a nan." Shi ke nan. Muna jiyo guɗar matan da labari bai kai musu ba can cikin lungu. Alhaji ya kakkaɓe rigarsa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce, "Hau ka kwashe tarkacenka. Mabuɗin ka bar shi a jikin ƙofa." Bayan isha'i rediyo ta ce a cika talatin.

Ranar talatin ɗin nan ko maƙiyina ba na yi masa fatan irinta. Hadarin jiya bai zubar da ko ɗigo ba, ya bar mana zafi mai ɗanko. Gidan Alhaji da wasu gidajen Kanawa suka bi sanarwar Kano, suka sa sabbin kaya, ƙamshin miya ya cika layi, sauran unguwa kuma suna kwance a inuwa baki a bushe. Gida ɗaya ma sai ka ga miji ya sha, mata tana azumi. Na fito zan je shago, mai kiyos ɗin shayi da kullum muke wasa da shi ya kau da kai. Wata tsohuwa ta tsayar da ni ta ce, "Ɗan nan, Allah ya nuna maka, ka ce ba ka gani ba?" Teloli kaɗai suka yi min godiya, don sun sami kwana guda na ƙarasa ɗinkin mutane. Na koma gida na rufe ƙofa, na buɗe hoton, na rufe, na sake buɗewa.

Bayan azahar aka buga min ƙofa. Malam Haruna ya faɗi a masallaci yana tsakiyar jan salla, an ɗauke shi a mota zuwa asibitin unguwa. Ban san yadda na tuƙa moto na isa ba. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: da na ce e jiya, da tsohon nan ya karya kumallo da safe, da yanzu yana zaune yana karɓar barka da Sallah. Na tarar an sa masa ƙarin ruwa, idonsa a rufe, 'ya'yansa a bakin ƙofa, ba wanda ya ce min ci kanka. Na sami gefen baranda na zauna. A nan magariba ta same ni.

Sai kuwa ga shi. Sama ta washe tas, jinjirin wata ya fito can sama da kaurinsa, ko mai ciwon ido ya gan shi. Masu jinya suka fito suna nunawa. Na ji wani yana cewa, "Wannan ai ɗan kwana biyu ne. Yau ce Sallah, aka sa mu azumi." Na san girman wata ba ya tabbatar da haka, amma wa zan tsaya in yi wa bayani? Na sunkuyar da kai don kada a gane ni.

Babban ɗan Malam ya leƙo ya ce, "Baba yana kiranka."

Ya farfaɗo, an jingina shi da matashi, allura a bayan hannunsa. Na durƙusa gefen gadon, na kasa gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce, da 'yar muryar nan tasa, "Kawo abin nan naka in gani."

Na buɗe masa hoton tsakiya. Ya sa aka saka masa tabarau. Ya daɗe yana dubawa, ya matso da shi, ya nesanta, ya ce in nuna masa na gaba, in koma na baya. Ni dai ina durƙushe ina jira. Can ya miƙo min.

"Wata ne, Isufu."

Hawaye suka zubo min, ban ma san sun taho ba. Na ce, "To Malam, ai da ka duba jiya. Da ka ce min in faɗa. Dubi inda na kawo ka."

"Ba kai ka kawo ni ba, taurin kaina ne, likita ya gaya min tun tuni." Ya huta, ya ja numfashi. "Azumin yau, Mai shi ya san yadda zai yi da shi. Amma da ka rantse min jiya a kan abin da ba ka gani ba, badi wa zan tambaya?"

Alhaji Uba bai sake ba ni aiki ba har ya koma Kano. Muna gaisawa, iyakarta ke nan. Na koma hoton katin ɗan ƙasa kafin abubuwa su ɗan warware. Malam Haruna kuwa an sallame shi bayan Sallah da kwanaki, amma bai sake jan salla ba, kuma bai ga Sallar Layya ba, Allah ya jiƙansa. Da shekara ta zagayo, ranar ashirin da tara, na kafa kayana a rufin masallaci. Aka kira magariba kowa ya sauka, ni na tsaya, telekoman a hannu, idona a yamma, har duhu ya rufe sannan na yi tawa ni kaɗai. Da na sauko jama'a suka buɗa min hanya har gaban buzun. Wani limamin ne zaune a kai, amma ni aka tambaya.